Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Yadda Na Yi wa Gizo Fuska

Makon jiya mun tsaya inda na ajiye aikin koyarwa na dawo Zariya da jakar zane-zanena. A 1976 ke nan, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta. Yara suka cika azuzuwa har da gindin bishiya, littattafai kuwa ba su wadata ba. Masu buga littattafai na neman mai zane ruwa a jallo. Ta wannan ƙofa na shiga.

Aikin farko da aka danƙa mini littafin tatsuniyoyi ne na 'yan aji uku. Editan, dattijo mai ƙarancin magana, ya miƙo mini rubutun ya ce, "Malam, Gizo muke so, kafin wata ya ƙare."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi, sai da na zauna da fensir. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ya san halin Gizo: wayo, kwaɗayi, tsamin baki, da yadda yake yi wa Kura da Zaki ƙafar ungulu. Amma wa ya san kamanninsa? Tsofaffi ba sa siffanta shi. A wannan tatsuniya yana noma, a waccan ya ari riga ya tafi neman 'yar sarki, a wata kuma ya maƙale a rufin ɗaki. In na zana gizo-gizo mai ƙafa takwas, ina zan rataya masa riga? In na zana mutum sak, yara za su ce wannan ai Malam Wane ne.

Na tafi wajen gwaggona a cikin birni, wadda a bakinta muka sha "ga ta nan ga ta nanku".

"Gwaggo, wai Gizo yaya yake?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kai ɗan nan! Da girmanka? Je ka kasuwa, yana nan birjik."

Na bi maganarta. Na riƙa zama a kasuwar Sabon Gari da ɗan littafin zane a cinya, ina satar fuskokin mutane. Wani dillalin awaki ne ya ba ni idanun: bakinsa na rantsuwa ga mai saye, idonsa na kan aljihun mai sayarwa. Ƙafafun na samo wajen wani dogon ɗan dako. Hular da aka karkata gefe guda kuwa ta samarin Tudun Wada ce. Na haɗa siririn mutum mai tulun ciki, cikin rigar da ta fi shi girma. Sannan a kowane shafi na shimfiɗa masa inuwa a ƙasa, inuwar mai ƙafa takwas.

Sai batun launi. Kuɗin bugu bai kai na launi huɗu ba, don haka baƙi aka ba ni da launi ɗaya tak. Zanen baƙar tawada yana kan farar takarda, launin kuma a kan wata takarda mai shara-shara da ake ɗorawa a kai, kowanne da farantinsa a injin. In aka kuskure saiti ko da kaɗan, hula ta bar kai. Na zaɓi ruwan ƙasa, don shi kaɗai zai yi mini katanga, ƙwarya, akuya da fatar mutum. Adon gefen shafi kuwa daga zayyanar allo na ɗebo shi, wadda na koya a zauren mahaifina yana yi wa masu sauka. Har yau ina ganin ƙuncin nan ya fi gyara mini hannu bisa yalwar kwamfuta ta yanzu.

Kafin in miƙa, na tara yaran unguwa a zaure na baje musu zanen, ban ce uffan ba. Wata 'yar ƙarama da ko harafi ba ta sani ba ta dangwala yatsa a kan inuwar ta ce, "Lah, Gizo ne ya sa kayan mutane!"

Edita ya karɓa bai ce komai ba. Ranar Litinin sai ga masinja a kan keke, wai in zo maza, akwai magana a kan Ƙoƙi.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.