Godiya ga duk wanda ya tsaya mani kan Fijon marigayi Alhajinmu

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillahi, jiya Fijo ta je Funtua ta dawo, Hajiyarmu na zaune a baya, kuma allurar zafi ba ta wuce rabi ba har muka shigo Tudun Wadan Zariya da la'asar sakaliya. Shi ya sa na ce yau sai na zauna na rubuta godiyar nan, don sati biyar ɗin da suka wuce mutane sun sha wahala a kan motar nan ba kaɗan ba, wasu ma ko sisi ba su karɓa ba.

Wanda ya san gidanmu ya san motar. Peugeot 504 ce fara, haɗin Kaduna, Alhajinmu ya saye ta sabuwa dal a 1983, shekara takwas kenan da fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Cikinta aka kai mu makaranta, cikinta aka ɗauko amaren gidanmu, cikinta muka kai shi asibiti a ciwonsa na ƙarshe, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Da aka zo rabon gado ni na ce a bar mani ita a cikin kasona, don ba zan iya ganin an kai ta an yanka a sayar da ƙarfe a kilo ba.

Abin ya faro ne daga wata ƙara kas-kas-kas a saman inji, an saita tafet, wato 'yan ƙarafan da ke tura bawul (ƙofar shigar mai ko fitar hayaƙi), ta ɗan yi shiru kwana biyu ta dawo, ga silinda ɗaya ba ta ja sosai. Da aka buɗe sai aka ga ƙullutu ɗaya na kamshaf, wato sandan ƙarfen da ke juyawa yana tura tafet, ya cinye ya zama sumul, bawul ɗin wajen ba ya buɗewa yadda ya kamata. Na shiga Kaduna na samo wani kamshaf mai kyau a Panteka, da sababbin tafet, don an gargaɗe ni kar a ɗora tsofaffin tafet a kan wani kamshaf, za su cinye shi. Kuma a injin 504 kamshaf ba a sama yake ba kamar na motocin yanzu, a cikin bulok yake, sarƙa ke juya shi, to kafin a zare shi sai an sauke lagireto, an ɗaga tof silinda, an cire murfin tayimin, aiki ne na yini biyu. Wani yaro mai ƙoƙari ya yi aikin, ba zan faɗi garejinsu ba, kuma wallahi ban riƙe shi a zuciya ba.

Ƙara ta tafi, sai zafi ya zo. An gudu gara an faɗa gidan zago. Ranar da na karɓo ta na nufi Samaru in gwada, ban kai Kwangila ba allura ta kwanta a ja, tururi na fita ta gefen bonet, ga ranar Afrilu tana dukan mutum. Godiyata ta farko ga mai facin da ke bakin titi a wajen, ban san sunansa ba shi ma bai san nawa ba, na ɗaga bonet hannuna har ya kai kan murfin lagireto ya rugo yana ihu, Alhaji kar ka buɗe, kar ka buɗe. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasa, da na murɗa da a fuskata zai ƙare. Ya ba ni benci, muka jira ta huce, ya ɗebo ruwa a jarkarsa muka zuba a hankali. Allah ya saka maka da alheri bawan Allah, ya buɗa maka a sana'arka.

Daga nan fa aka shiga zarya. An kai lagireto an buɗe an tsattsage shi an wanke, zafi na nan. An canja murfi, an canja fambel, an sa sabon famfon ruwa, zafi na nan. Wani ya ce a cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi ɗumi, a yar, duk Fijon ƙasar nan haka ake musu, aka cire, sai dai ta ɗan ƙara jinkiri kafin ta hau, amma tana hawa. Da na sa maganar a Facebook kun ba ni shawarwari sun fi a ƙirga, wasu sun ce gaskit ya ƙone, wasu sun ce tof silinda ya tsage, wasu sun ce in haƙura in ɗora mata injin Japan in huta. Duk na gode, na san son alheri ne ya sa kuka yi magana, ko da yake maganar injin Japan ɗin ta yi mani ciwo, ba zan ɓoye ba.

Abin da ya fi tayar mani da hankali wani dare ne bayan isha'i, na dawo daga Gyallesu na ɗaga bonet a cikin duhu, sai na ga bakin salansa inda ya manne da inji ya yi jajawur kamar garwashi. Ga mota ba ƙarfi, ka taka totur tana nishi, ga shan mai kamar an huda tanki. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Aminin Alhajinmu ne, da na je gaishe shi a cikin gari na ba shi labari, ya ce ɗana je ka Sabon Gari, akwai wani dattijon bakanike da ya yi zamani da Fijo tun ana yayin 404, ya daina aiki ido ya yi rauni, amma ka ce ni na aiko ka. Na je na durƙusa na gaishe shi, na fara zayyana abin da aka canja da kuɗin da aka kashe, sai ya katse ni ya ce, yaro, kafin a taɓa kamshaf tana zafi? Na ce a'a Baba, ko zuwa Kano ba ta yi. Ya ce to me lagireto ya yi muku? Wallahi sai na yi shiru.

Washegari ya zo da jikansa a Keke Napep. Bai yarda a kwance komai ba sai da ya fara kawar da maganar gaskit, ya zaro ma'aunin baƙin mai ya duba bai ga ya yi fari kamar shayi mai madara ba, ya sa aka tayar da mota da sanyinta yana leƙen bakin lagireto ko zai ga kumfa na tasowa, babu, salansa ma ba farin hayaƙi. Ya ce Allah ya rufa asiri, ba ta kai ga nan ba tukuna. Sannan ya sa jikan ya cire murfin bawul da fulogi, ya zura siririn ƙarfe a ramin fulogi ya taɓo kan fistin, jikan na juya inji da sufana a hankali, shi kuma yatsunsa na kan rokoki, wato ƙarafan da ke danna bawul, yana ji da hannu tunda ido ba ya gani sosai. Ya ce idan fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a matsi, to a silinda ta huɗu bawul ɗin hayaƙi na rufewa na mai na buɗewa daidai lokacin, rokokin biyu su yi sikeli. Namu sai da fistin ya fara gangarowa sannan suka yi. Ya ɗago ya ce an tsallake haƙori.

Da aka buɗe murfin tayimin haka aka gani, maki bai hau maki ba, sarƙa ta goce da haƙori ɗaya, kamshaf na baya. Kuma abin da ban sani ba sai ranar, kamshaf ɗin nan shi ke juya distiributa mai raba wa fulogi wuta, to da ya makara wuta ma ta makara, yaron kuma da kunne ya saita tayimin. Baba ya yi mani bayani yadda ko ɗan firamare zai gane, ya ce mai ya kamata ya gama ci yana tura fistin ƙasa, idan wuta ta zo a makare sai bawul ya buɗe yana kan ci, ƙarfin da zai tafi taya sai ya koma zafi, ya bi ta tof silinda ya dafa ruwa, sauran ya fita ya gasa salansa. Ko lagireton tirela ka ɗaura mata ba zai iya ba. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka mayar da sarƙa kan makinta, aka saita wuta da fitilar tayimin ba da kunne ba, ya saita tafet da inji a sanyi, ya ce na yaron sun matse da yawa kuma bawul ɗin hayaƙi in bai zauna daram ba ba ya samun sauke zafinsa. Ya sa na nemo tamostat aka mayar. Ya kuma kama wani abu da kowa ya wuce, fankar 504 mai maganaɗisu ce, sai ruwa ya yi zafi na'urar da ke jikin lagireto ta ba ta wuta sannan ta kama, to wayar nan tun ranar da aka sauke lagireto ba a mayar ba, fanka na juyawa a ido amma ba ta jan iska. Godiya ga mai rewaya na Muciya da ya baro shagonsa ya zo ya haɗa ta, ya ce kuɗin mashin kawai zan ba shi.

Baba kuwa na kai masa kuɗi ya tura mani abina, ya ce ya san Alhajinmu, ya taɓa yi wa motar nan sabis tana sabuwa. Na rasa bakin magana, hawaye ne kawai. Allah ya ƙara miki lafiya Hajiya, ke kika ce kar in sayar. Maiɗakina da ta haƙura da kuɗin cefane ya ragu, maƙwabcina da ya bar mani mashin ɗinsa sati biyu ina zuwa aiki, samarin layinmu da suka tura motar nan sau uku ba su taɓa ɓata rai ba, da yaron da ya yi aikin farko, wanda da ya ji labari ya zo da kansa ya tsaya a bayan Baba yana kallo yana tambaya har aka gama, Allah ya biya ku duka, ya jiƙan iyayenmu.

Dan Allah duk wanda ya karanta ya sa Baba a addu'a Allah ya ba shi lafiyar ido. Ya ce in ta ɗan yi tafiya in mayar da ita a sake ɗaure kusoshin tof silinda a duba tafet, ranar Asabar in sha Allahu zan koma, da goro da turare, wannan kam na san ba zai mayar ba.