Yadda muka baje kolin ƴan littattafan hannu a ƙauyenmu

Tsadar bugu ce ta fara jawo maganar nan. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Taura nan Jigawa, kuma na daɗe ina tara rubutu a littafin makaranta, ƴan gajerun labarai da waƙoƙi da tarkacen abin da nake ji a majalisa. Da na ga ya taru sai na shiga Kano na zaga wajen masu injin bugu, duk inda na je magana ɗaya ce, wai kuɗin haɗa farantin bugu ɗaya ne ko kwafi hamsin kake so ko dubu, saboda haka in ba ɗari biyar zuwa sama za ka buga ba to kai ne a ƙasa. To ni ina zan kai littafi ɗari biyar a garin da ko mai sayar da jarida babu? Na dawo gida na mayar da abina akwati.

Ƙanin wani abokina da ya yi karatu a jami'ar tarayya ta Dutse shi ya zo da dabarar. Muna zaune a dakali ya zari takardar A4 guda ɗaya, ya ninke ta sau uku, ya buɗe ya tsaga tsakiya da reza, ya turo gefe da gefe sai ga ɗan littafi mai shafi takwas a tafin hannunsa, ba ɗinki ba gam. Yace a Amurka tun wajen 1930 masu son ƙagaggun labaran kimiyya suke buga irin waɗannan ƴan mujallu da kansu suna aika wa juna ta gidan waya, a shekarun 1970 kuma matasa ƴan kiɗa a Ingila da Amurka suka kama yi da injin fotokwafi, har gobe ana taron baje su a manyan birane. Nace masa kai yaro ai wannan gadonmu ne, ka shiga kasuwar Kurmi ka ga ƴan ƙasidun ajami na waƙoƙin wa'azi da addu'o'i, wani ne ya zauna ya rubuta da hannu aka ɗauki hoton rubutun aka buga. Littattafan soyayyar da suka cika Kano daga tsakiyar shekarun 1980 ma ai yawanci ba kamfani ne ya buga su ba, marubuci ne zai haɗa kuɗinsa ya kai wa mai inji ya ɗauko ya kai wa ƴan littafi a Bata. Bambancin dai su dubbai suke bugawa, mu kuma talatin ma ta ishe mu.

Daga nan muka tsayar da shawara a yi taro bayan babbar sallah, lokacin ɗalibai da ƴan ci-rani suna gida. Muka je gaban dagaci nace ranka ya daɗe so muke a ba mu filin makaranta yini ɗaya yara da manya su baje abin da suka rubuta. Ya yi shiru ya kalle ni yace malam ba siyasa a ciki ko? Nace babu ranka ya daɗe. Yace to ba habaici kuma, kar wani ya rubuta wani. Waɗannan biyun su suka zama dokar taron, muka ƙara ta uku cewa abin ya zama kai ka yi da kanka, da boko ko da ajami duk ɗaya.

Wajen haɗa littafin nan ne aikin yake, bari in ɗan tsaya a kai dan nan mutane suka fi rikicewa. In ka ninke A4 ɗaya gida biyu ta ba ka shafi huɗu, saboda haka littafinka dole ya tafi huɗu-huɗu, takwas, sha biyu, sha shida, in rubutunka ya tsaya a sha uku to ka nemo abin cike ukun nan, zane ko kacici-kacici ko ka bar wa mai karatu ya yi nasa rubutun. Mai shafi 16 takarda huɗu ne, kuma shafukan ba a jere suke zama a kan takardar ba, ta waje tana ɗauke da 16 da 1, bayanta 2 da 15, ta biye 14 da 3, haka dai, duk shafi biyun da ke gefen juna in ka haɗa lambarsu 17 za ta ba ka, in ba ta ba ka 17 ba to an samu matsala. Mai ajami kuma tunda daga dama yake buɗewa sai ya juya lissafin, bangon gaba ya koma hagu. Hanya mafi sauƙi da muka koya wa yara ita ce ka fara ninke fararen takardun yadda littafin zai kasance, ka sa wa kowane shafi lamba da fensir, sannan ka warware ka yi rubutunka, shikenan ba sai ka riƙe komai a ka ba.

A yi rubutu da baƙin biro ko tawada, fensir da shuɗin biro dishi-dishi suke fita a inji. A bar fili kamar faɗin yatsa a kowane gefe dan injin yana cin baki. Takarda kuma mai giram 80 ta fi, mai 70 in tawadar ta yi kauri sai ka riƙa hango rubutun baya. Rim ɗaya takarda 500 ne, wato kwafi 125 kenan na littafi mai shafi 16, mu kuɗi muka haɗa muka sayi namu rim muka kai shagon fotokwafi a Ringim aka yi ciniki a kan bugu kawai, kuma muka jira ranar da aka kawo wuta tunda farashin janareto daban ne. Waɗanda suka buga nasu a waya ko kwamfuta su kuma ƙ da ɗ da ɓ ne suka riƙa komawa ƴan akwatuna a kwamfutar shagon, sai da aka mayar da komai PDF tun daga gida sannan aka zauna lafiya. Gaskiya ni na hannun ma sun fi burge ni, kana gani ka san wane ne ya rubuta.

Ɗinki kuwa ƙaramar sitefila ba ta kai tsakiyar takarda, ga shi ƙarfenta na tsatsa da damina, sai muka koma basilla da zaren ɗinkin hula. Huda uku a kan ninkin, ka shiga ta tsakiya ka fita waje, ka dawo ta hudar sama, ka tsallake tsakiya ka fita ta ƙasa, ka sake shigowa ta tsakiya ka ƙulle a kan dogon zaren. Masu ɗinkin hular garinmu da suka gani dariya suka yi, cikin yini ɗaya suka gama mana duka. Bango wasu kwali suka yanka suka tsoma a ruwan zoɓo, wasu kuma fastocin zaɓen 2023 da suka rage a ɗakuna suka juya bayansu, sai ga fuskar ɗan takara a cikin bango, dole muka liƙe ta da farar takarda da ƙaro saboda alƙawarin da muka yi wa dagaci.

Ranar taro muka fito da bencina da tabarmi, muka ɗaura igiya tsakanin darbejiya biyu muka rataye littattafan kamar shanya. Ba wani jawabi mai tsawo, liman ya yi addu'a aka buɗe.

Wanda ya fi kowa jan jama'a wallahi ba ɗan boko ba ne, alaramman tsangayarmu ne. Da na fara zuwa masa da maganar nace Allah gafarta malam ko za a ba mu wani abu a rubuce, yace me zan rubuta wanda ba a rubuta ba? Nace lissafin taurarin nan da manoma ke zuwa tambayarka kullum. Shi ne ya zauna da alƙalamin kara da tawadar da ya dafa da kansa ya rubuta su da ajami, taurari 28 kowanne kwana 13, banda Jabha mai kwana 14, ka ga shekara ta cika 365 kenan, kuma a ƙarƙashin irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa ya rubuta abin da ya gani da idonsa a gonakin garin nan, yaushe shuka ke kamawa, yaushe in ka makara gero ba zai yi ba sai dai wake. Gefen kowane shafi ya yi ƴar zayyana irin ta allo. Baƙin tawadar nan a inji ya fita raɗau fiye da duk wani biro. Dattawan da ko kallon littafin boko ba sa yi su suka fara zaro kuɗi daga aljihun ƴar ciki, kafin azahar nasa ya ƙare sai rubuta suna ake yi na waɗanda za a ƙaro wa.

Sai na wata ɗalibata da ta wuce ƙaramar sakandare. Kakarta ce mai daddawar unguwarsu, ita ba ta rubutu, yarinyar ta zauna kusa da ita ta rubuta yadda ake yi tun daga dafa kalwa har ta yi laushi, surfe, wanki, sake dafawa, rufewa ta kwana biyu zuwa uku ta tashi, kirɓi da shanya. Abin da ya sa ya yi daɗi ba ta gyara bakin tsohuwar ba, har faɗan da take mata a tsakiya ta saka, ke ɗauke hannunki ba a buɗewa yanzu. Ta zo tana ce min malam in cire wannan? Nace ko wasali kar ki taɓa. Nan kuma muka gane wani abu, yawancin matan aure ba za su fito filin makaranta ba, to sai muka ɗora littattafan a faranti ƴan mata suka shiga gida-gida da su, kuma cinikin cikin gida ya kusa kamo na fili. Kwafi ɗaya a gidan yawa mutum nawa ne zai ji shi, ɗaya na karantawa saura na tsinke zogale suna gyara mata.

Na ukun wani saurayi ne mai gyaran babur, shi ko rubutu bai cika yi ba, zane ya yi na ambaliyar 2022. Takarda ɗaya ce mai shafi takwas ɗin nan, in ka warware ta a baya taswirar garinmu ce, ya nuna ta inda ruwan kogin Haɗeja ya ɓallo, inda aka jera buhunan yashi, inda suka riƙe da inda ruwa ya ci su, da hanyar da aka bi da tsofaffi zuwa tudu. Mutane suka yi masa rumfa ana sa yatsa ana musu, wani yace ba ta nan ya fara shiga ba ta bayan maƙabarta ne, yaron ya ciro biro ya ƙara kibiya a nasa na asali. A ganina wannan ƴar takardar ta fi rahoton da za a rubuta a ofis amfani ga mai unguwa in damina ta sake yin nauyi.

Labaran soyayya da gajerun labarai, har da nawa, a hankali suka tafi. Dalilin a fili yake, mai son irin wannan yana da su fal a WhatsApp da Wattpad, wasu kyauta wasu da ɗan kuɗi kaɗan, kuma marubutan can sun fi mu gogewa. Abin da aka yi rububinsa shi ne wanda in ba a garin nan ba ba za ka same shi ko'ina ba, kuma wanda ya san shi ɗin bai taɓa ɗaukar kansa marubuci ba. Da zan sake shirya wani taron rabin lokacina wajen lallaɓar irin su alaramma da masunta da ungozoma zai tafi, ƴan makaranta su zama masu riƙe musu biro.

Kuɗi dai ba a yi asara ba ba a kuma yi arziki ba. A rubuta farashi a bango tun kafin a buga, in ba haka ba ɗan uwa zai ɗauka yace Allah ya sa albarka ya wuce kuma ba ka da bakin magana. Wata ta biya da ƙwai, mun karɓa. Masu littattafan kuma junansu musanya suka yi ba kuɗi. Na asalin a sa shi a leda a ajiye inda gara ba za ta kai ba dan shi ne jarin, duk ranar da aka nemi ƙari biyar sai a buga biyar. A baya a rubuta sunan mai shi da gari da shekara. Wasu sun tambayi lambar ISBN, wato lambar shaidar da ake ba kowane littafi, wannan Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, kuma dokarsa ta 1970 ta ce mai buga littafi ya kai musu kwafi uku, wanda ke son littafinsa ya shiga manyan shaguna da makarantu ya bi wannan hanyar, wanda zai kai kasuwar Kano kuma ya san da hukumar tace finafinai da ɗab'i da aka kafa a 2001. Mu na kwafi talatin ba mu kai nan ba tukuna.

Bayan taron da ƴan makonni wani ya dawo daga kasuwar Gujungu ranar Lahadi da littafin alaramma a hannu, wani ne ya samu kwafi ya sake bugawa yana sayarwa a tabarma, ya yanke wajen sunan. Samarinmu suka fusata wasu na cewa a je a kwashe, wasu na cewa daga yanzu a sassaƙa hatimi a riƙa buga wa kowane kwafi da lamba, wannan ɗin dai mun amince za mu yi. Muka kai wa alaramma, ya sa tabarau ya buɗe yana dubawa shafi-shafi, can yace ku bar shi ya ci abinci, amma Lahadi mai zuwa ɗayanku ya je ya gaya masa ya yi kuskure ya sa Nasara kafin Zira'a, ya warware ɗinkin ya gyara kar ya sa mutane shuka ba a kan lokaci ba. Ni aka tura, na tafi masa da basilla da zare.