Ɗan aiken da ya ce "an tura"

Kawuna yana da shagon kayan waya a Nima, unguwa a Accra ta Ghana, kuma wasu masu kawo masa kaya daga waje sun fi son a biya su da USDT, kuɗin intanet da darajarsa ke bin dalar Amurka. Shi kuwa bai yarda da abin ba. Ya ce da ni, "Kai yaro, a MoMo na tura kuɗi ta waya, in na yi kuskure akwai lambar da zan kira. Wannan fa, wa zan kira?" Bai yi ƙarya ba, domin a bulokcen, wato kundin intanet da ake rubuta cinikin irin wannan kuɗi, kuɗi in sun fita sun fita ke nan.

Sai na haɗa masa ɗan aike mai ƙirƙirarriyar basira, wanda zai gwada cinikin tukuna kafin a taɓa ko sisi. Na yi amfani da Anvil, na cikin tarin manhajojin Foundry, wanda ke kwafo Ethereum, bulokcen ɗin da za mu tura USDT a kai, ya ajiye a kwamfutarka ka yi ta gwaji. Na ba shi kayan aiki uku: na duba walat (asusun da kuɗin ke ciki), na gwajin turawa, da na ƙiyasin kuɗin gas (ladan turawa). Ban ba shi makullin walat ba. Kowane kayan aiki yana da ɗan bayani a rubuce, wanda shi kaɗai ɗan aiken ke karantawa ya san amfaninsa. Ni kuwa layi ɗai-ɗai na rubuta, ina ganin ai magana a fili take.

Ranar farko bayan la'asar, Kawu ya ce a gwada tura USDT hamsin. Amsa ta fito: "An tura." Kafin in ɗago kai har ya jawo waya zai sanar da mai kaya.

Na ce, "Kawu, dakata! Babu abin da ya tafi."

Ya ce, "To, me ya sa ya ce an tura?"

Laifina ne. A bayanin na rubuta cewa kayan aikin "yana tura USDT a kan kwafi". Ɗan aiken ya riƙe "tura", ya yar da "kwafi". Na sake rubutawa: gwaji ne kawai, babu sa hannu, babu abin da ke isa Ethereum na gaske, kuma kada a taɓa ce wa mutum an tura.

Na biyun ya fi ba ni tsoro, don shi ko alama bai nuna ba. Ethereum ba ya lissafi da ɗigo. USDT ɗaya a can ana rubuta shi 1,000,000, ETH kuwa, kuɗin Ethereum na kansa, sifili 18 ke bin bayansa. Saboda haka hamsin ɗin Kawu ita ce 50,000,000. Ni ban faɗi wanne nake so ba. Wani lokaci ɗan aiken ya ninka daidai, wani lokaci ya saka 50 tsurarta, wato 0.00005 na USDT ɗaya, gwajin kuma ya wuce sumul. Da na yi wa Kawu bayani sai ya bushe da dariya. Tun 2007 aka sauya sidi, kuɗin Ghana, tsoffi 10,000 suka koma sabo ɗaya, amma har gobe in dattijon Zango ya ce miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. Ya ce, "Ashe na'urarku ma tsohon kuɗi take ƙirgawa." Daga nan na ɗauke wa ɗan aiken lissafin gaba ɗaya: ya kawo adadi yadda mutum ke faɗa, manhajar ta ninka da kanta.

Bayan wannan na daina yarda da idona. Ni na rubuta bayanin, dole in ga ya fita tsaf. Na zauna na tsara umarni talatin da irin bakin Kawu, Hausa da Turanci a cakuɗe, kowanne na rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da lambobin da za a saka. Kowane umarni nakan maimaita shi sau da yawa, tunda ɗan aiken ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. In zan gyara, jimla ɗaya nake canzawa in sake gwada duka. Kuma ba na kallon daɗin bakinsa, abin da ya aika wa kayan aikin nake dubawa.

Umarnin da suka fi tona asiri su ne waɗanda daidai amsarsu ita ce a tsaya a yi tambaya. Adireshin Ethereum da 0x yake farawa, na Tron, wani bulokcen daban, da T. Da na ba shi na Tron, sai ya cusa shi hakanan, har sai da na rubuta cewa Ethereum kaɗai kayan aikin ya sani. Haka batun gas: da ETH ake biya, kuma irin gwajin da ake kira eth_call yakan wuce ko babu ETH a walat, muddin ba a saka farashin gas ba. Shi ma na rubuta. Kwafin kuma tsufa yake yi, tunda kusan duk daƙiƙa 12 ake samun sabon bulo, wato sabon shafin cinikayya a Ethereum, don haka yanzu amsa tana zuwa da lambar bulon da aka yi gwajin a kai.

Bayanin da ya fara da layi ɗaya yanzu ya kai sakin layi biyu. Jiya na tarar da Kawu yana gwada tura ɗari biyu, tabarau a kan hanci. Ya karanta amsar har ƙarshe, sannan ya miƙo mini wayar ya ce in ƙirga masa sifilin da kaina.