Rariya biyu da turmi a tsakani: abin da na koya a gaban na'urar MS/MS

A Aboabo na tashi, cikin Kumasi, a gidan da ƙamshin soyayyar gyaɗa ba ya barin tsakar gida. Mma tana matsar man gyaɗa tana yin ƙuli-ƙuli, Baba kuwa goro yake sayarwa, sana'ar da ya gada daga kakanninmu. Da na gama karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar KNUST, sai hidimar ƙasa ta kai ni wani ɗakin gwajin abinci a Accra. A can na haɗu da na'urar da a aji sunanta kawai muka haddace domin jarrabawa, wadda ma'aikata ke kira MS/MS. Aikinta auna nauyin ƙwayoyin sinadari, amma sau biyu a jere, kuma a wannan "sau biyu" ɗin duk sirrin yake.

Wanda ya koya mini dattijo ne mutumin Nima, wata unguwa a Accra, kowa Malam yake ce masa. Da ya ji Hausa a bakina, sai ya ajiye Turanci ya tambaye ni sana'ar gidanmu. Na faɗa masa. Ya ce, "To 'yata, ai kin san na'urar nan tun kina goye. Rariya ce, sai turmi, sai wata rariyar."

Na ɗauka sauƙaƙa mini kawai yake yi, ashe bayanin ke nan dalla-dalla. Ruwan da aka tatso daga samfur yana shiga ta wata siririyar allura mai ɗauke da wutar lantarki ta dubban bolt, ya fito a matsayin feshi. Ɗigon yana bushewa har ƙwayoyin sinadarin su rage su kaɗai, kowace da cajinta. Wannan dabara ta feshin lantarki ita ta sa John Fenn na Amurka ya samu kyautar Nobel a 2002. Cajin nan dole ne, domin na'urar ba ta ganin abin da ba shi da caji, kuma abin da take aunawa a zahiri shi ne nauyi a raba da caji. Daga nan ƙwayoyin su faɗa cikin wani rami da aka zuƙe wa iska, su bi tsakanin sandunan ƙarfe huɗu. Ana daidaita wutar da ke kan sandunan ta yadda mai nauyi ɗaya tak zai wuce, sauran su kauce hanya su bugi ƙarfe. Rariyar farko ke nan. Wanda ya tsira sai ya shiga ɗaki na biyu, inda aka saki 'yar iskar argon ko naitirojin, ya yi ta karo da ita har ya farfashe. Turmi ke nan. Rariya ta biyu kuma ta tace gutsattsarin, ta zaɓi waɗanda ake nema, a ƙirga su. Richard Yost da Christie Enke ne suka haɗa irin wannan na'ura mai hawa uku a jami'ar jihar Michigan a ƙarshen shekarun 1970.

Tambayar da na yi wa Malam ita ce wadda duk sabon shiga yake yi. Tunda rariyar farko ta riga ta ba mu nauyi, mene ne na fasawa?

Bai amsa da baki ba. Washegari ya ce in zo da goro ɗaya. Muka jiƙa, muka tace, muka sa a na'ura. Kafeyin da ke sa mai cin goro ya wartsake nauyinsa 194 ne, idan ya ɗauki furoton ɗaya, wato 'yar ƙwayar da ke ba shi caji, a wurin feshi sai ya bayyana a 195, idan aka fasa shi kuma babban gutsurensa yana fitowa a 138. Na ga wannan da idona, daga goron da Baba ya ɗaure mini a ganye ranar da zan taho, kuma ban san lokacin da na yi kabbara ba. Sai Malam ya mayar da rariyar farko kan 181. A nan, in ji shi, mutum uku ne suke amsa suna ɗaya: tiyoburomin na cikin koko da goro, da tiyofilin da ake ba masu asma, da farazantin, wanda hantar mutum ke mayar da kafeyin zuwa gare shi. Ƙwayoyin zarrarsu iri ɗaya, adadi ɗaya, nauyi ɗaya, wurin zaman wasu rassa ne kawai ya bambanta. Ma'auni komai kyansa ba zai raba su ba. Amma a turmi kowa yana karyewa ne ta inda yake da rauni: tiyoburomin ya ba da 138, tiyofilin ya ba da 124. Daga ranar na daina ɗaukar nauyi a matsayin suna. Nauyi kamar a ce maka "ɗan zango" ne, ka san unguwa amma ba ka san gida ba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne abin da ya biyo baya. Farazantin ma 124 yake bayarwa, daidai da tiyofilin. Wato akwai inda rariya biyu da turmi ma ba su isa ba. Shi ya sa ake sa wani siririn bututu mai cike da gari na musamman a gaban na'urar, wanda ke riƙe kowane sinadari na ɗan lokaci daban kafin ya sake shi. Shaidu uku ke nan ake nema kafin a kira sunan abu: lokacin da ya fito daga bututu, nauyinsa yana cikakke, da gutsattsarinsa. Na ji daɗi ƙwarai da Malam ya nuna mini iyakar na'urar tun a makon farko. Da ya bar ni ina ganin ta kamar ba ta kuskure, da na cuci mutane da ita.

Ainihin aikinmu ba goro ba ne. Gyaɗa ce da masara, muna neman aflatoksin, gubar da wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus ke zubawa a hatsin da bai bushe sosai ba ko aka ajiye a wuri mai danshi da zafi. Duniya ta san da ita ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Brazil. Mafi muni a danginta ita ce B1, tana jawo sankarar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a unguwanninmu. Ba ta da ɗanɗanon da zai tona ta kullum, suya kuma ba ta kawar da ita gaba ɗaya. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci kai tsaye idan B1 ta wuce maikurogiram 2 a kilo ɗaya, wato kashi biyu cikin biliyan. Irin wannan ƙanƙanta ce ta sa ake buƙatar rariya biyu. A tatsattsen ruwan gyaɗa akwai abubuwa da yawa da za su iya wucewa a 313, inda B1 take bayyana, amma kaɗan ne ƙwarai za su farfashe su ba da 285 da 241 tare, a daidai lokacin da ake jiran ta.

A mako na uku na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Na jera samfura da yamma, da safe na tarar da tudu a kan allo, wato alamar da na'ura ke zanawa idan ta ga abin da ake nema, a wani samfurin gyaɗa, a 285, a 241, a lokacin da ya dace. Shaidu sun cika. Na rubuta cewa akwai guba, na kai wa Malam. Ya duba jerin, ya ce, "Me kika sa kafin wannan?" Na ce ma'auni mafi ƙarfi, wato tsantsar gubar da muke gwada na'ura da ita. Ya ce, "Ina fankon da ke tsakaninsu?" Babu. Na tsallake kwalbar da ba komai a cikinta sai ruwan narkarwa, domin in rage lokaci. Muka wanke allura, muka sa fanko, sai ga ɗan tudun nan ya fito a cikin ruwan da babu gyaɗa ko ɗaya. Ragowar ma'aunin ce ta maƙale a hanya ta bi samfurin da ya zo bayanta. Da muka sake gwada gyaɗar, lafiyarta lau.

Malam bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Buhunan nan na wani ne. Wataƙila bashi ya ci ya saye su." Maganar ta shige ni, domin na san yadda fuskar Mma take komawa idan aka dawo mata da kaya. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, gubar ta gani da gaske, ni ce ban tambayi daga ina ta zo ba. Tun daga nan ba na yarda da sakamakon da babu fanko a gabansa, kuma ina duba ko girman 241 idan aka gwada shi da 285 ya yi daidai da na ma'auni. Idan rabon ya kauce, to akwai baƙo a cikin tudun.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne kishiyar wannan, domin shi ba ya nuna kansa. Gyaɗa mai ce da furotin da sauran tarkace. Idan ba a tsabtace tatsattsen ruwan da kyau ba, tarkacen nan suna rububin caji a wurin feshi, su danne gubar, ta fito kaɗan ko ta ɓace. Allo ya nuna shiru, ka sa hannu cewa abinci lafiya, yara su ci. Maganin da na koya yana da kyau har yana burge ni. Ana zuba wani sanannen adadi na B1 da aka ƙera da kabon mai nauyi 13 maimakon 12. Tunda B1 tana da ƙwayoyin kabon 17, wannan tagwayen nata yana bayyana a 330 maimakon 313. Halinsu ɗaya, tare suke fita daga bututu, abin da ya danne ɗaya zai danne ɗayan daidai wa daida, amma rariya tana raba su. Idan ka zuba goma ka ga biyar, ka san rabin gaskiya ake nuna maka, sai ka gyara lissafi. Kwalbarsa 'yar mitsitsiya ce, tsadarta kuwa ba a magana, daga waje ake kawo ta, shi ya sa hannuna yake rawa duk ranar da zan ɗiba.

Akwai darasin wuta ma, wanda littattafan da aka rubuta a Turai ba su damu da shi ba. Idan dumso ya zo, wato aka ɗauke wuta, kuma janareta ya yi jinkiri, famfunan da ke zuƙe iska sukan tsaya, kuma ba a kunna na'ura a ci gaba kamar rediyo. Sai an jira sa'o'i, wani lokaci har kwana, iska ta sake fita, a sake daidaita ma'auni. Haka ma in iskar naitirojin ko ruwan narkarwa mai tsabta ya yanke, aiki ya tsaya. Na koyi duba batir da tulun iska kafin in duba samfur.

Sai dai duk wannan ƙwarewa tana iya tashi a banza tun kafin gyaɗa ta iso ƙofar ɗakin gwaji. Aflatoksin ba ta bazuwa daidai a buhu. 'Yan ƙwayoyi kaɗan ne suke ɗauke da kusan dukkanta, sauran lafiyayyu. Wanda ya ɗebi tafi ɗaya daga bakin buhu zai iya kawo mana mai kyau zalla, mu auna da na'urar da ta fi gidanmu tsada, mu ba da amsar da ta dace da tafin amma ba ta dace da buhun ba. Dole a ɗiba daga sama da tsakiya da ƙasa, daga buhuna da yawa, a niƙe kilo da dama wuri ɗaya, sannan a ɗauki 'yan giram. A ganina wannan ne sashen aikin da aka fi rainawa, ana barin sa ga wanda ya fi kowa ƙanƙanta a wurin, alhali shi ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Da na je gida hutun babbar sallah, na zauna kusa da Mma tana tsintar gyaɗa a faifai. Hannunta yana fitar da masu yamushewa da waɗanda cikinsu ya yi baƙi da waɗanda ƙwaro ya huda, ba ta ko kallo sosai. Na gaya mata cewa abin da take yi ɗin nan yana rage gubar da nake nema a Accra ƙwarai, domin a irin waɗannan ƙwayoyin ta fi taruwa. Ta yi murmushi ta ce ita dai ta san suna ɓata ɗanɗanon mai. Sai na tambaye ta inda tsintattun suke zuwa. Ta nuna wani kwano a gefe. Wasu kaji ake ba, wasu kuma akwai mai zuwa saye da araha, ta haɗa a niƙa, tunda in an niƙe ba mai ganewa.

Na yi shiru, don na san kuɗin kwanon nan yana cikin kuɗin cefane, kuma na san masu sayen abu mai araha su ne maƙwabtanmu. Na yi mata bayanin hanta, na yi mata bayanin yara, da Hausar da Malam ya koya mini aikin da ita. Ta saurara har na gama, ta ce, "To ke da kika yi boko, in ban sayar ba, wa zai biya ni?" Na ce ni zan riƙa biya daga alawus ɗina, kowane wata, a kan kuɗin da matar take ba ta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tura mini kwanon da ƙafa. Na ɗauka na zagaya bayan gida, na tona rami na binne, na dawo na ɗauki faifai na biyu muka ci gaba da tsinta.