Lauyan da ya faɗa wa minista gaskiya

Jiya da daddare, ina cikin shirya darasin dokar ƙasa da ƙasa, na sake karanta bayanin da Sir Michael Wood ya gabatar a gaban kwamitin binciken Chilcot, wanda ya binciki rawar da Birtaniya ta taka a yaƙin Iraƙi, a watan Janairun 2010, kuma har yanzu abin yana raina. Shi ne babban mai ba da shawara kan shari'a a ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya lokacin da ake shirin yaƙin Iraƙi, ya kuma shaida wa ministansa, Jack Straw, cewa ƙuduri mai lamba 1441 da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar kan Iraƙi bai halatta amfani da ƙarfin soja ba, sai an samu sabon ƙuduri. Straw bai karɓi shawarar ba, gwamnati kuma ta dogara da ra'ayin Antoni Janar, Lord Goldsmith, wanda ya ce yaƙin bai saɓa wa doka ba.

Mataimakiyar Wood, Elizabeth Wilmshurst, ta ajiye aiki a watan Maris na 2003 saboda tana ganin yaƙin ya saɓa wa doka, bayan kusan shekara 30 tana hidima, shi kuwa ya zauna har 2006. Na daɗe ina ganin ita kaɗai ta kyauta, amma a karatun jiya na lura cewa rubutattun shawarwarin da ya bari suna cikin hujjojin da kwamitin ya duba shekaru bayan yaƙin.