Tawakkali a bakin rumbu

Yunwar da ke kama gidaje a ƙasar Maraɗi cikin watan bakwai da na takwas, lokacin da gona ta yi kore shar amma rumbu ya yi fayau, galibi tun kaka ake shuka ta. Hatsi ya yi araha, ga biki, ga bashin bara, sai maigida ya sussuke dami bayan dami ya kai kasuwa. In ka yi masa magana ya ce "Allah na nan". Gaskiya ce, Allah na nan. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, amsar da ya samu ita ce ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Ya kuma tabbata cewa Annabi yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara.

To, ɗaurin raƙuma a gidan manomi lissafi ne. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, buhu mai kilo 100 kuwa tiya 40. Gida mai mutum goma da ke cin tiya biyu da rabi a wuni, tsakanin fura da tuwo, zai ga bayan buhu a kwana 16, wato wajen buhu 23 a shekara. Maigida ya zauna da uwargida, don ita ta san abin da ke shiga turmi, su sussuke dami ɗaya su auna, su ninka da yawan dammunan da ke rumbu. In lissafi ya tsaya a watan biyar, tun yau an san akwai giɓin wata huɗu, kuma cike shi a watan goma sha ɗaya ya fi sauƙi nesa da cike shi da damina, sa'ad da tiya ta yi tsada.

Kafin komai a fitar da zakka in amfanin ya kai nisabi, sa'i 300: ɗaya bisa goma ga noman ruwan sama, ɗaya bisa ashirin ga wanda aka sha wahalar ban ruwansa. Sannan a ware iri, zangarniya masu cika, a rataye inda hannu ba ya kai.

Sauran hatsin a bar shi a zangarniyarsa. Shawarar Annabi Yusuf ce ga mutanen Masar, tana cikin aya ta 47 ta surarsa: abin da kuka girbe ku bar shi a cikin zangarniyarsa, sai kaɗan da za ku ci. Manomi ya san dalili. Hatsin dami ya fi jure ƙwari fiye da sussukakke, kuma wahalar sussuka kanta birki ce ga hannun da ke saurin sayarwa. Wake shi ne mai rigima. A shanya shi ya bushe ƙarau, a zuba a buhun nan mai ninki uku, wato leda biyu a cikin buhu, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora bisa katako nesa da bango. Ba ya bukatar magani, rashin iska ke kashe ƙwarin. Inda ake asara shi ne leda mai huda, ɓera, ko yawan buɗewa ana ɗiba.

Wanda bukatar kuɗi ta matsa masa a kaka, in akwai ƙungiyar manoma mai tsarin warantaj a kusa, ya ajiye buhunansa a mangaza ya karɓi rance, ya fanshe su in farashi ya tashi. Sai dai ya tambayi malami game da sharuɗɗan, don wani rancen da ruwa yake zuwa. Mata kuwa sun riga maza nisa a nan: asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara, a 1991, zubi kaɗan kowane mako, kuma shi ke fitar da gidaje da yawa kunya ranar da ciwo ya faɗo. Abin gudu shi ne buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka. Riba ce tsagwaronta, kuma ita ke cinye kakar baɗi tun ba a yi shuka ba.

Akwai shekarar da duk wannan ba zai isa ba. Waɗanda suka ga yunwar 1984 da ta 2005 ba sai an ba su labari ba. Nan ne aikin zuciya yake: mutum ya fita nema kamar tsuntsun da hadisi ya ambata, ya tafi da yunwa ya dawo da ƙoshi, ba tare da ya tauye mudu ko ya ɓoye hatsi yana jiran maƙwabci ya galabaita ba. Bin layin cimaka mai rahusa ta OPVN, hukumar cimaka ta ƙasar Nijar, ba raunin imani ba ne, haka nan faɗa wa ɗan'uwa cewa tukunya ba ta hau wuta ba.

In ruwan farko ya sauka, kada a zuba iri duka a ƙasa. Sau da yawa yakan ɗauke mako biyu ko uku shuka ta ƙone, don haka a riƙe rabi na maimai.