Abin da na gani a gefen gadon masu shanyewar ɓarin jiki a Damagaram

Lokacin da nake koyon aikin likita a Damagaram, an ɗora mini zama da waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Yawancinsu hawan jini ne ya kayar da su, sai 'yan kabu-kabu da suka bugu a ka. Aikina in gano abin da mutum ya rasa da abin da ya rage masa, sannan a gwada da hoton ƙwaƙwalwa na sikana, in iyalinsa na da halin biya.

Dabarar tsohuwa ce. A 1861 likita Paul Broca na Faransa ya duba wani majinyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane magana. Da ya rasu aka buɗe kansa, aka iske ɓarnar a gaban ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya bayyana kishiyar haka: baki na zuba, ma'ana babu, ɓarnar kuma can baya, ta wajen kunne.

Duka biyun na gan su. Wani dattijo daga unguwar Birni, hannunsa da ƙafarsa na dama sun mutu, na ɗaga buta na ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya yi ta kokawa da bakinsa har gumi ya keto masa. Sai na jera buta da carbi da hula na ce, "Baba, nuna mini buta." Nan take ya nuna. Da na ja masa Bisimilla, sai ga Fatiha ta fito har ƙarshe. 'Ya'yansa suka ce ashe ƙin magana yake yi. Ba ƙi ba ne. Abin da aka haddace tun ƙuruciya hanyarsa daban da maganar da ake ƙullawa yanzu-yanzu.

Wata tsohuwa kuwa surutu take yi ba tsayawa, kalmomi a hargitse, in na ce "Inna, rufe idonki" sai ta yi mini murmushi. Danginta sun ɗauka iska ce. Haɗa ta da dattijon nan shi ne hujjar cewa furuci da fahimta hanyoyinsu daban ne a ƙwaƙwalwa: da gajiyar ƙwaƙwalwa ce kawai, ba za a samu wannan ya rasa furuci ya riƙe fahimta, waccan ta rasa fahimta ta riƙe furuci ba.

Takardun gwajin da muke da su na Faransanci ne, kuma nan nake da ja. Ana cewa mutum ya zana agogo, ko ya dinga cire 7 daga 100. Mai awon hatsi a Kasuwar Dole da bai taɓa riƙe alƙalami ba zai faɗi gwajin ko lafiyarsa lau. Sai na koma tambayarsa kuɗin tiya uku na gero a dala, da canjin da zai mayar. A nan ake gane ko lissafinsa ya taɓu.

Sai dai akwai tarko. Don wuri ya lalace magana ta ɗauke, ba ya nufin nan ne gidan magana. In wayar lantarki ta tsinke unguwa ta yi duhu, ba a inda ta tsinke ake samar da wutar ba. Ga shi jijiyar jini ɗaya kan ciyar da wurare da yawa, in ta toshe sai ta tafi da su tare.

Masu ɓarna a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa su ne ba a lura da su, don bakinsu lafiya. Wata mata rabin dama na kwanon tuwo kawai take ci, ta ce ya ƙare, kuma ba makanta ba ce, hankalinta ne ya daina zuwa hagu. Na nuna wa 'yarta ta dinga juya kwanon, ta kuma riƙa zama ta hagunta tana kiran sunanta.